Da Sauƙi, In Ji Malam

Mijina ba ya iya buɗe murfin kwalba. Ba cin fuska nake yi ba, shekararmu goma sha tara tare, kuma duk kwalbar da ta shigo gidan nan da taurin kai ni ake miƙo wa. Malam Siddiƙu mutumin takarda da biro ne. A wani ofishi yake aiki can Sama Road, abu mafi nauyi da yake ɗagawa shi ne fayil, shi ma in ya yi kauri sai ya raba shi biyu. Dogo ne siriri, ranar da ya sa babbar riga aka yi iska, da addu'a nake bin shi har ya sha kwana.

To wannan bawan Allah shi aka jarraba da ɗaukar Baba.

Baba shi ne mahaifinsa, Alhaji Junaidu, kuma a gidansa muke zaune a Ƙofar Rini. Shekara arba'in yana karantar da manyan mutane littattafai a zauren gidan nan, sai bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Baki ya dawo. Hankali dama bai je ko'ina ba, ya fi namu mu duka in an haɗa. Ƙafa ce ta ƙi. Kowace salla sai an ɗaga shi daga gado an sa shi a kekensa na marasa lafiya, a kai shi ya yi alwala, a dawo da shi. Kuma Baba ya kafa doka: babu mai ɗaukarsa sai ɗan cikinsa. An taɓa kawo wani ma'aikacin jinya mai kirki, Baba ya juya fuska ga bango har mutumin ya tattara jakarsa ya tafi. Ni kuwa matar ɗansa ce, iyakata bakin ƙofa. Saboda haka kullum azahar ta kusa za ka ga Malam a kan mashin ya baro ofis ya nufo gida.

Wata Laraba abin ya faru. Malam ya ɗago Baba daga keke zai mayar da shi gado, gwiwoyinsa suka ce ba da su ba. Shi da Baba suka zauna daɓas a ƙasa. Allah ya taimaka a kan cinyarsa Baba ya sauka, ko ƙwarzane bai yi ba. Da abin ya tsaya nan da babu wanda zai ji. Amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa: a daidai lokacin wayar Malam tana jingine jikin littattafan Baba, Yaya Abdulshakur yana cikinta yana kallo daga Abuja. Shi ne babban wan Malam, irin mutanen nan da in sun yi magana sun gama.

"Ya isa!" Har madafa na jiyo muryarsa. "Ƙarshen wata mai zuwa ina tahe da mota. Baba Abuja za shi koma, inda akwai masu kula da shi. Siddiƙu, kai ba ka iyawa."

 Ranar yadda na kai wa Baba kwanon tuwonsa haka ya dawo. Malam ya fito daga ɗakin ido jajur, ya zauna a kan turmi ya ce, "Kin san mi Baba yac ce? Wai in anka hitar da shi Sakkwato, kwance za a maido shi." Ya juya hannuwansa yana dubawa. "Sati shida, Wasila. Dole in yi ƙarhi cikin sati shida, Yaya shi zo shi ga ina iyawa."

Na so in ce masa ba a fafe gora ranar tafiya, amma na dubi fuskarsa na haɗiye.

Washegari ya dawo da manhaja a waya. Wani abokin aikinsa, Auwalu, mai ƙirji kamar ƙofar shago, shi ya sauke masa. Manhajar ɗaga nauyi ce wadda an riga an tsara komai a cikinta: ranar farko ga abin da za ka yi, rana ta biyu ga abin da za ka yi, har sati goma sha biyu. Ba ta tambayar ko kai waye, ba ruwanta da shekarunka. Muryar wani ƙaton Bature ce a ciki, yana daka tsawa yana ƙirga, shi ya sa na raɗa mata suna Kofur.

Kofur ya nemi sandar ƙarfe da benci. Ba mu da su, sai Malam ya ari taɓaryata ya rataya mata bokiti biyu. Ranar farko duk ruwan bokitin a jikinsa ya ƙare. Rana ta uku Kofur ya ce a sami ƙarfe a sama a ɗafe ana jan jiki. Malam ya zagaya gidan, ya zaɓi ƙarfen da nake ɗaura igiyar shanya, ya yi bisimilla ya ɗafe. Da shi da ƙarfen da wankin kwana biyu suka sauko tare. Na fito da gudu na same shi zaune da zanina a ka, Kofur kuma daga cikin aljihu yana ta yi masa kirari da Turanci, wai shi gwarzo ne.

Nan na fara gane halin Kofur. Ba ya gani, ba ya ji, kirari kawai ya iya. Rana ta shida na leƙo na tarar da Malam zaune yana cin dabino, waya a gefe, Kofur yana ƙirga sha ɗaya, sha biyu, ya kuma rufe da cewa bai taɓa ganin jarumi irinsa ba.

"Malam, yau muƙamuƙi aka ba ƙarhi?"

Kunya ta kama shi, ya ajiye dabinon. "Wanga abu bai san ni ba, Wasila. Ladan na kiran salla, shi yana cewa kada in motsa. Sati goma sha biyu shika so, ni shida gare ni. Kuma na duba tun daga hwarko har ƙarshe, babu inda yac ce ga yadda ake ɗaukar tsoho daga gado."

A nan ne na sa bakina, kuma na amsa laifina tun yanzu. Ni ɗinki nake yi, da shi na tashi. Na ce masa ai wannan rigar kanti ce, an ɗinka ta ba a san mai sawa ba. In ta zauna maka ka gode Allah, in ba ta zauna ba kai ne mai laifi. Na ce ya nemi wadda za ta auna shi tukuna sannan ta yanka.

Ya kuwa samo. Wannan ta biyun har Hausa take yi, Hausar Kano dai, amma ana ganewa. Ga ladabi. Ta tambayi shekarunsa da tsawonsa, ta tambayi kayan da yake da su a gida, da ranakun da yake so, da lokacin da ya fi masa. Malam ya sa gilashinsa ya cika komai da natsuwa: jarka biyu, taɓarya ɗaya, buhu ɗaya, ban da Juma'a, tsakanin la'asar da magariba.

Duk da haka bai saki Kofur nan take ba. Malam mutum ne da ko hula zai saya sai ya je ya dawo sau uku. Kwana biyu ya yi yana auna su, har ya ari wayata ya sa ɗaya a nan ɗaya a can ya kunna su tare, wai don ya yi adalci. Kofur ya ce a kwanta, mai ladabi ta ce in ba damuwa a miƙe tsaye, Malam ya tsaya a tsakiya a tsugune yana kallon wannan yana kallon waccan. Abin da ya raba gardamar, ta biyun ta ce in yana da wani motsi nasa na kansa ya rubuta mata ta sa a tsari. Ya rubuta, ya goge Kofur ko sallama babu. Da na leƙa na ga sunan da ya sa wa motsin, sai da na koma ɗaki na ɗan zauna. Ya rubuta "Ɗaukar Baba".

Ga yadda ake yin sa. A zuba gero mudu goma a buhu a kwantar a kan dakalin tsakar gida. Malam ya lanƙwasa gwiwa yadda hoton manhajar ya nuna, ya rungume buhun, ya miƙe, ya juya, ya ajiye a kujera. Sau takwas. Da yake ɗan mutunci ne, ba ya iya taɓa buhun sai ya ce "Bismillah, Baba," in ya ajiye ya ce "Sannu, Baba." Kwana biyu da farawa na ga ya sa wa buhun tsohuwar hula. Na ce masa saura carbi, bai yi dariya ba.

Satin farko wallahi kwalliya ta fara biyan kuɗin sabulu. Ɗaukar Baba na gaske ta daina zuwa da nishi, har na fara taƙama a raina, ni mai shawara.

Sai nauyi ya fara hawa. Yau jarka rabi, jibi cike, gata biyu. Mudu goma ya zama sha biyar, ya zama ashirin. Kullum manhaja ta ce a ƙara, Malam ya ƙara. Geron gidan kaf ya koma cikin buhun, ranar da zan dama kunu sai na faki idonsa na ɗebi mudu ɗaya daga jikin mai hula. Da gero ya ƙare ya ƙara da dutsen niƙan kakarsa. A sati na biyar na dawo daga barka na nemi kan keken ɗinkina na rasa. Yana cikin buhu.

"Malam! Kan kekena?"

"Ita tac ce a ƙara kilo goma sha biyu. Na auna, daidai yaz zo."

Shi kuwa mai ɗaukar ya koma abin tausayi. Tafiya irin ta agwagwa. In zai zauna sai ya yi shawara da kowace gaɓa. Man zafi kuwa ba a magana, daga wuya har diddige yake shafawa. Wani maƙwabcinmu ya aiko matarsa ta tambaye ni ko lafiya, wai duk wanda ya tsaya kusa da Malam a sahu sai idonsa ya yi ruwa, har liman ya fara zaton tsoron Allah ne ya sauko wa unguwa.

Na tambaye shi, ba sau ɗaya ba. "Malam, ya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi." To me zai ce dama? A garin nan ko mutum ana laƙƙana masa kalmar shahada, ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce maka. Ban kawo komai a raina ba.

Auwalu ya ga tafiyarsa a ofis ya biyo shi har gida. Daga zaure ina jiyo su.

"Ka koma ma ta hwarko, Malam. Waccan masana sunka tsara ta, ba ta wuce iyaka. Wagga da kaka gyarawa da kanka kashe ka za ta yi."

"A'a," in ji Malam. "Waccan tsawa kawai ta iya. Wagga ta san girman mutum. Kullum munka gama sai ta gaishe ni."

Na ji maganar da kunnena, na wuce abina. Da na tsaya na juya ta sau ɗaya da bayan mijina ya tsira.

Ranar Asabar ɗin da Yaya Abdulshakur zai iso, Malam ya gama da Baba na safe lafiya lau, gab da tsakar rana ya ce bari ya yi gwaji na ƙarshe. Ina shara na ji "Bismillah, Baba," sai na ji wani ƙas! kamar an karya kara. Na jira "Sannu, Baba," ba ta zo ba. Na juyo na gan shi a lanƙwashe rungume da buhu, ido waje, ba ya sama ba ya ƙasa.

"Wasila," ya ce a hankali. "Zo ki amshi Baba."

Na ture buhun ya faɗi, hula ta yi nata wuri. Na kwantar da Malam a tabarma ƙarƙashin tagar ɗakin Baba, da yake nan inuwa take. Sai wayarsa ta yi ƙara a kan dakali.

"Ita ta," in ji shi daga kwance. "Gaisuwa ta. Danna mata na hwarko."

Na ɗauka. Ga rubutu ɓaro-ɓaro: "Yaya jiki?" Ƙarƙashinsa amsa uku: Da sauƙi. Daidai. Da wuya. Ƙarƙashin kowace amsa kuma akwai ɗan mitsitsin rubutu, wanda mutumin da ya cire gilashinsa don motsa jiki ba zai taɓa gani ba. Na kusanto da wayar ga idona. "Da sauƙi: aikin bai ishe ka ba, za a ƙara nauyi." Na taɓa inda aka rubuta tarihi. Kwana talatin, layi talatin, da sauƙi, da sauƙi, da sauƙi, har ƙasa.

Ni Wasila! Sai da na zauna a kan buhun.

"Tashi daga kan Baba," in ji Malam.

"Kullum abin ga kaka danna mata?"

"To mi za ni dannawa?"

"Ranar da ruku'u ya gagare ka fa?"

"Da sauƙi."

"Ranar da na sa maka takalmi da hannuna?"

"Ai da sauƙi, tunda ina numfashi. Haba, Wasila. Mutum shi dube ka shi ce yaya jiki, ka buɗe baki ka ce da wuya? Ina tarbiyya? Ina godiyar Allah?"

"Ba gaisuwa ta ba, Malam, awo na! Tambayarka taka yi ko kayan sun yi maka sauƙi, kai kana amsa mata kamar ta zo dubiya da lemu!" Raina ya ɓaci, murya ta tashi, na manta da kowa. "Kai da matan da ka shanye ciki in ana awo duk ɗaya kuke. Ranar biki riga ta ƙi shiga, a ce tela bai iya ba. Wata guda baiwar Allah tana neman gaskiya wurinka kana yi mata ladabi, ita kuma tana labta maka kaya. Da ba ka karye yau ba, gobe ni za ka sa cikin buhu!"

Sai muka ji wani sauti daga taga. Na zaci tari ne, ashe dariya ce. Baba ne yake dariya, irin wadda ba a ji ba tun da ya kwanta, ta ɓari guda, har gado yana ƙara. Duk abin da na faɗa a kunnensa. Na so ƙasa ta tsage in shige.

"A kawo min shi nan," in ji Baba da ya samu numfashi. "In gan shi da idona, mai sauƙi."

Na kama bakin tabarmar na ja shi yadda ake jan shanya in hadari ya taso, na tura shi cikin ɗakin, na koma mazaunina a bakin ƙofa.

Ko minti ashirin ba a yi ba mota ta tsaya a ƙofar gida. Yaya Abdulshakur ya shigo da ƙamshin turarensa da tumbinsa, tumbin ne ma ya fara shigowa. Ya tsaya a kan ƙaninsa.

"Kai kuma mi ya same ka? Ya jikin?"

"Da sauƙi, Yaya."

Na ciji gefen mayafina.

Yaya ya durƙusa iyakar yadda tumbi ya bari ya gaida Baba, sannan ya ce magana ta ƙare, ga shaida nan kwance, a haɗa kayan Baba. Malam ya rufe ido. Na ga hawaye ya gangaro ta gefe ya shiga kunnensa. Wallahi duk haushinsa da nake ji sai ya bi iska, tausayinsa ya kama ni. Sati shida bawan Allah nan yana kashe kansa don kada ranar nan ta zo, ga shi ta zo ta same shi a tabarma.

"To," in ji Baba, ba tare da ɗaga murya ba. "Na ji. Ɗauke ni ka kai mota."

"Bari in kira direba, Baba."

"Direba ɗana na? Ka san dokata. Kai ma ɗan cikina na. Bismillah."

Yaya ya cire hula, ya cire agogo, ya naɗe hannun riga. Ya sunkuya ƙafafu a miƙe.

"Lanƙwasa gwiwa, Yaya," in ji Malam daga ƙasa.

"Kai za ka koya min? Shekarata biyu da manhajar ɗaga nauyi cikin wayar ga. Kullum da sahe ina shan shayi sai ta yaba min."

Na gane Kofur ne tun kafin ya rufe baki.

Ya sa hannu ƙarƙashin Baba, ya ce "Ya Allah," ya yunƙura. Baba bai bar katifa da faɗin yatsa ba. Amma ƙas ɗin nan na sake jin ta, wannan karon mai kauri. Yaya ya zare hannu a hankali, ya ja da baya a lanƙwashe, ya dubi ƙaninsa. Malam, da ladabinsa, ya matsa masa a tabarma.

Ikon Allah! Maza biyu masu furfura kwance a jere suna kallon rufin ɗaki, tsoho a gado yana kallonsu.

"Abdulshakur," in ji Baba. "Ya jikin?"

Yaya ya kawar da kai. "Da sauƙi, Baba."

Baba sai da ya share ido da bakin bargo. Daga nan ya sa aka yi masa bayanin manhajojin biyu tun daga farko, yadda yake sa ɗalibi ya karanto mas'ala kafin ya ba da amsa. Suka shiga gardama daga kwance. Yaya ya ce tasa masana suka tsara, ba a gyara mata ko wasali. Malam ya ce tasa ta san ranar Juma'a, ta san jarka, har sunan Baba ta sani. Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya, suka yi tsit.

"Ɗaya ba ta tambaya, ta mai da rago gwarzo. Ɗaya tana tambaya, anka yi mata ƙarya. Wadda ba ta tambaya ba ta da magani. Wadda anka yi ma ƙarya, maganinta na bakin mai ita. Siddiƙu, ina wayar?"

Na turo ta daga bakin ƙofa. Tambayar tana nan tana jira.

"Hwaɗa mata gaskiya."

"Baba, kamar ƙorahi na ga Allah."

"Ƙorahi shi ne ka kai kukanka ga wanda bai tambaye ka ba. Mai magani in ya tambaya, amsa amana ta. Danna."

Malam ya ɗaga yatsa ya riƙe shi a sama har na zaci shi ma ya riƙe. Ya yi istigfari, ya rufe ido, ya danna "Da wuya". Babu abin da ya faɗo daga sama. Manhajar ta ce ya huta sati guda, ya ga likita, in ya warke su koma jarka rabi su taho a hankali.

"Kun ji," in ji Baba. "Wagga za ka riƙe. Ta hi ku hankali ku biyu."

Sai ladan ya kira azahar.

Dariya ta tsaya, kowa ya tuna abin da ya tara mu. Baba bai taɓa barin salla ta wuce farkon lokacinta ba. Ga keke can jikin bango, ga 'ya'yansa biyu a ƙasa ko juyi ba sa iyawa. Malam ya yunƙura, ya koma da ƙara.

"Ka gani, Baba?" in ji Yaya, muryarsa ta yi laushi yanzu. "Ba don in raba ka da gida na ba. Yau wa za shi ɗauke ka? Sati guda wa za shi ɗauke ka?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi ciwo. Baba ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa, inda nake durƙushe.

"Wasila."

Sai da na waiga bayana in ga ko akwai wata. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. "Mutanen ciki" yake cewa in zai aiko da saƙo. Ban ma san ya riƙe sunan ba.

"Shigo, ɗiyata. Na tsuhwa ina karantar da mutane cewa matar ɗa ɗiya ta, shari'a ba ta hana ba. Kunya ta kawai, ga kuma inda kunya ta kai mu." Ya nuna tabarma da haɓa. "Zo ki kama ni."

Na miƙe. Na raɓa ta gefen tabarmar, na jawo keken kusa da gado. Wata guda ina kallon yadda ake yi, saboda haka na lanƙwasa gwiwa, na sa hannu, na tattara duk ƙarfina na yunƙura.

Saura kaɗan in faɗi ta baya. Babu nauyi. Mutumin da muryarsa take cika zaure, wanda manyan gari suke cire takalmi tun daga waje in za su gan shi, bai fi ɗaurin kayan wanki ba. Ina jin haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya ta cikin riga. Ashe Malam ya daɗe da wuce wannan nauyin bai sani ba. Kuka ya zo mini ba shiri, ina riƙe da tsohon ban san inda zan kai fuskata ba.

Na zaunar da shi, na gyara masa ƙafar da ba ta motsi.

"Abdulshakur," in ji Baba, "ka ga ina da mai ɗaukata har ƙanenka shi tashi. Ka ce ma direbanka shi shigo shi ci abinci. Nan anka yanke min cibiya, nan za a yi min sutura."

Yaya ya ɗora hannu a fuskarsa. Can ya ce, "To, Baba." Malam kuwa kuka yake a fili, yana dariya, yana cewa wayyo bayana, duk a lokaci guda.

Muna fita tsakar gida Baba ya yi ƙasa da murya. "Na yi nauyi, ɗiyata?"

"Ƙwarai kuwa, Baba. Da ƙyar na ɗaga."

Ya girgiza kai. "Ke ma? Gidan ga dai babu mai gaskiya ko ɗaya."

Na ɗauko buta na durƙusa a gabansa. Na zuba masa ruwa a hannun dama, sannan ya kamo na hagun da shi ya miƙo mini, na wanke masa.